Guzurin Lafiya Ga Mai Ƙetare Iyaka



Ku da kuke bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko Illela zuwa Birnin Konni, kun san cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan. Don haka, kafin ku ɗaure kaya, ku tanadi guzurin lafiya.

Na farko, rigakafin shawara. Allura ɗaya ta isa har tsawon rai, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10. Kada ku sayi kati ba tare da allura ba, domin takarda ba ta hana sauro cizo.

Na biyu, ruwan sha. Ku sha wanda aka tafasa ko aka rufe da kyau. Idan gudawa ta kama mutum a hanya, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ya riƙa kurɓa har a isa asibiti.

Na uku, sanƙarau. Daga Disamba zuwa Yuni ne lokacinsa. Zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya ba sa jiran a tashi kasuwa. A garzaya asibiti mafi kusa, ko a wace ƙasa ake.

Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiyarsa, ya guji na 'yan talla.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku ga iyalanku lafiya.