Jawabi kan sabuwar dokar hanya, a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

Shugaba, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, barkanmu da sake ganin wannan rana. Lokacin da aka ba mu kaɗan ne, don haka za mu tsaya kan maganar da ta cika tasha da kasuwa, wato sabuwar dokar hanya ta Aljeriya.

Ga inda aka kwana. Tsohuwar dokar ta shekarar 2001 ce, an sha yi mata gyara, kuma gyaran 2017 ne ya kawo lasisi mai maki da na'urar da ke rubuta gudun babbar mota da awannin tuƙi. Bayan bas ɗin da ya faɗa kogin El Harrach a babban birni ranar 15 ga Agusta 2025, inda mutum 18 suka rasu, gwamnati ta kawo sabon daftari. Majalisar wakilai ta amince da shi a watan Disamba. Da shigowar Janairun 2026 direbobin manyan motoci da na bas suka shiga yajin aiki saboda tsananin tara da ɗaurin da ke ciki, majalisar dattawa kuma ta ajiye wasu sassa don a sake duba su.

Mu a nan Tamanrasset ba sai an ba mu labarin El Harrach ba. Ranar 19 ga Yuli 2023, da asuba, bas ya yi karo da ƙaramar motar kaya a Outoul, nan kusa da gari, wuta ta tashi, mutum 34 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu. Duk wanda ya ga wannan rana ba zai ce a bar hanya yadda take ba.

Abin da muka yaba a daftarin shi ne bai ɗora laifi kan direba shi kaɗai ba. Ya taɓa mai gyaran hanya, da mai shigo da jabun kayan gyara, da wurin gwajin lafiyar mota, da makarantar koyon tuƙi. To, ina mai kaya? Nan ne tamu take, 'yan'uwa. Direba ne ke miƙa tara ga jandarma, amma daga buhun dabino take fita. In aka tsare mota saboda lodi ya wuce ƙima a hanyar In Guezzam, tafiyar kusan kilomita 400, dabino da gishirin da ake jira a Arlit da Agadez a rana za su zauna. In kuwa dabbobi ne aka ɗauko daga kudu, kwana biyu a shinge sun isa su cinye ribar tafiyar gaba ɗaya. Ƙarin tan biyu da ake cusawa don rage kuɗin mota, a ƙarƙashin wannan doka, zai fi hayar mota ta biyu tsada. Haka nan matsa wa direba ya isa kafin a rufe iyaka: na'urar nan ba ta san "Alhaji ne ya ce" ba.

Muna da namu koken ga hukuma. Doka ta ce direba ya huta, madalla, amma daga In Salah zuwa nan, ta kwazazzabon Arak, wuraren da babbar mota za ta tsaya da ruwa da tsaro ba su da yawa. A gina su, a kuma cike ramukan kwalta kafin a fara ƙirga maki. Sannan direbobin da ke zuwa daga Nijar da yawansu ba sa karanta Larabci ko Faransanci. Muna roƙon a yi musu bayanin dokar da Hausa da Tamashek a bakin iyaka.

A ɓangarenmu, shawarar da muke kawowa ita ce daga yanzu duk lodi a rubuta nauyinsa da ranar isowa a takarda, mai kaya da mai mota su sa hannu, a kuma faɗi wanda zai biya tara in ta faɗo. Magatakarda zai raba samfurin takardar bayan sallar la'asar. Wanda ke da gyara ya kawo a zama mai zuwa.