Abin da Ya Sa Likita Ke Yawan Tambaya

Na gode wa mai gari da malamin ajinku da suka ba ni dama in yi magana da ku yau.

Kwanan baya a kasuwar Shuwarin na ji wani dattijo yana ƙorafi. Ya ce ya je asibiti da ciwon kai, likita ya tsare shi da tambaya sai ka ce gaban alƙali, aka ɗaura masa wani abu a dantse, sa'an nan aka sallame shi ko allura ɗaya ba a yi masa ba. A ganinsa ya yi asarar kuɗin mota ke nan. Na san da yawa cikinku haka kuke gani. To, a kan wannan zan yi magana.

Ku manoma ne. In kun ga gero ya yi rawaya, ba ku ruga ku zuba masa taki nan take. Sai kun duba tukuna. Watakila ruwa ne ya kwanta a gonar, watakila ƙuduji ne, watakila tsutsa ce a cikin kara. Haka zazzaɓi yake. Cizon sauro yana kawo shi, ciwon huhu yana kawo shi, haka ƙyanda da sanƙarau da taifot. Jiki duk zafi ɗaya yake yi, amma maganin kowanne dabam ne.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure, da karatuna da komai. Wata damina ɗiyata, tana da shekara biyu, ta kwana da zafin jiki. Na ce ai sauro ne. Na tafi wani kemis na sayo maganin zazzaɓin cizon sauro, mai shagon bai ko tambaye ni shekarunta ba. Kwana uku muna ba ta, abin sai gaba yake yi. Da muka kai ta ɗakin shan magani, malamin asibiti ya soki yatsarta, ya ɗiga jinin a kan wani ɗan farin abu kamar tsinken sakace mai faɗi. Bayan kamar minti 15 layi ɗaya ya fito. Ya ce da zazzaɓin sauro ne, layi biyu za mu gani. Sa'an nan ya ɗaga rigarta, ya dubi agogo, ya ƙirga numfashinta. Sau 56 cikin minti ɗaya. Ya ce ciwon huhu ne. Ya ba da maganinsa, cikin kwana biyu ta fara wasa. Har yau in na tuna kwana ukun nan da na ɓata mata sai gabana ya faɗi.

Wannan gwaji na yatsa ba son kuɗi ba ne. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba kowa maganin zazzaɓin sauro sai an gwada jininsa, in dai akwai halin gwadawa. Ƙwayar cutar tana cikin jini. Wani likita Bafaranshe mai suna Laveran shi ya fara ganinta da madubin likita a ƙasar Aljeriya cikin 1880. Ido ba ya ganinta, taɓa goshi kuma ba ya nuna ta.

Ƙirga numfashi kuwa, ku ma kuna iyawa, tun da yanzu kun san lamba. A bari yaro ya natsu, ba yana kuka ba. A dubi cikinsa yana tashi yana sauka, a ƙirga har minti ɗaya cif. Jinjirin da bai kai wata biyu ba, in ya yi 60 ko fiye, ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Ku rubuta waɗannan lambobi uku a bayan littafinku.

Yanzu mu koma kan tambayoyin likita. Yakan ce, yaushe ciwon ya fara? Ina ne ke ciwo? Kana amai? Kana tari? Me ka sha? Daga amsar da kuka ba shi yake gane inda zai dosa. In kun ba shi amsar banza kun ɓatar da shi. Mutanenmu suna da wata ɗabi'a, su shiga su ce, "Likita, shawara ce ke damuna," ko su ce basir, ko sanyi. Watau sun yanke wa kansu hukunci tun daga gida. Kada ku yi haka. Ku faɗi abin da kuke ji kawai, sa wa cuta suna aikinsa ne. Kada kuma ku ce "ya daɗe." Ku ce kwana huɗu, ko mako uku. Tarin da ya kai mako biyu dole a gwada kaki, don gudun tarin fuka, kuma maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati. Amma in ba ku faɗi makon ba, ina zai sani? Ga amfanin rubutu nan. Ran da ciwo ya fara, ku rubuta ranar.

Kada ku ɓoye abin da kuka sha. In jiƙo ne ko sassaƙe, ku faɗa. In ƙwaya ce, ku tafi da kwalinta. Ba kama ku za a yi ba.

Akwai wata magana da za ta yi wa magidanta ɗaci, amma zan faɗa. Mace tana kwance a ɗaki, maigida ya tafi shi kaɗai ya ce a ba shi maganin ciwon ciki ya kai mata. Yaya likita zai duba cikin da ke ƙauye? Ko kuwa ya kai ta, amma duk tambayar da aka yi mata shi ke amsawa, ita tana sunkuye don kunya. Ku bar ta ta yi magana, in ya yiwu ku fita waje. Mai juna biyu da ke ciwon kai, ƙafa ta kumbura, ido yana ganin dishi-dishi, abin da ake tsoro hawan jini ne, wanda kan kai ga jijjiga. Sai an ɗaura mata ma'auni a dantse za a sani. In ya kai 140 bisa 90, akwai magana. Shi ne abin da aka ɗaura wa dattijon nan na Shuwarin.

Wani lokaci likita yakan ce sai an ɗebi ruwa daga gadon baya. Mutane suna gudun wannan ƙwarai. Amma da bazara, in yaro yana zazzaɓi wuyansa ya sanƙare, wannan ruwa shi ke tabbatar da sanƙarau. Dattawa cikinku ba su manta 1996 ba, shekarar da cutar ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, akasarinsu a nan arewa.

In malamin asibiti ya rubuta muku takarda ya ce ku wuce gaba, kada ku ce ya gaza. Ya ga abin da ya fi ƙarfin kayan aikinsa ne. Akwai babban asibitin Dutse da na Rasheed Shekoni, akwai na tarayya a Birnin Kudu. A Jahun kuma tun 2008 likitocin ƙungiyar MSF ke taimakon mata masu wahalar haihuwa. Ku riƙe takardar da kyau, don ita za ta gaya wa likita na gaba abin da na baya ya gani.

Akwai alamu huɗu da ba a kwana da su a gida: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya gane mutane. Ko tsakar dare ne a nemi abin hawa.

Mako mai zuwa duk mai agogo ko waya ya zo da ita. Malaminku zai raba ku biyu-biyu, kowa ya ƙirga numfashin ɗan'uwansa ya rubuta a allo. In da mai tambaya, ina sauraro.