Kwalejin Gwamnati ta Funtuwa da Gonar da Muka Juya wa Baya

 

An ce in yi wa 'yan uwa tsofaffin ɗalibai magana a kan tarihin Kwalejin Gwamnati ta Funtuwa da nasarorinta. Tarihin kun san shi. An buɗe Kwalejin Katsina a 1922, aka ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938, daga nan Zariya a 1949, kuma kudancin lardin nan ya daɗe yana ɗora wa 'ya'yansa akwati su tafi nesa neman ilimi. Wannan makaranta, da ta 'yan mata ta Malumfashi, da ta tarayya ta Bakori, su suka rage mana wannan nisa. Nasarorin ma an saba karanta su a kowane taro: likitoci, alƙalai, hafsoshi, manyan sakatarori, har da Alhaji Aminu Bello Masari, wanda ya zauna a ajin makarantar nan tun tana sakandaren gwamnati, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007, sannan ya mulki jihar Katsina daga 2015 zuwa 2023. Ban raina ko ɗaya ba.

Rigimata da abokan aikina da jami'an ilimi tsohuwa ce, kuma a kan ma'auni take. Su a wurinsu makaranta ta yi nasara idan yara da yawa sun samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Ni kuma tambayata ita ce: makarantar da ke zaune a tsakiyar ƙasar da ta fi ko'ina albarkar noma a jihar Katsina, me ta ƙara wa wannan noman? Titin jirgin ƙasan da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙaura Namoda, auduga da gyaɗa aka shimfiɗa shi ya kwasa. Injinan gurzar auduga na Funtuwa da Malumfashi, da gonar iri ta Daudawa, da masaƙar Funtuwa, duk a kan gumin manomi suka tsaya. Kuɗin da aka biya wa yawancinmu kayan makaranta daga kasuwar auduga suka fito. Amma shekara da shekaru muna horar da yaro yadda zai tsere wa gona, muna kiran hakan ci gaba.

Bari in tsaya a kan hujjar da na fi so, ko da wasunku sun gaji da jin ta daga bakina. A 1975 aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Su ukun nan su ne na farko a Nijeriya, kuma a kan samfurinsu aka gina duk shirye-shiryen da suka biyo baya a jihohi. An yi hanyoyin karkara, an yi madatsun ruwa, an kafa cibiyoyin sayar da taki da iri da magani, an baza malaman gona ƙauye-ƙauye. Kafin wannan lokaci masara abar bayan gida ce, a gasa a ci da damina a wuce wurin. Dawa da gero ne abincin rumbu. Da ingantaccen iri ya haɗu da takin zamani mai rangwame da hanyar da mota za ta bi, sai ga masara ta zama amfanin sayarwa na gaba-gaba. Duk wanda ya ga tireloli suna lodi a kasuwar Ɗandume yau, ragowar wancan aikin yake kallo.

To ina darasin? Masu nazarin da suka bi sawun shirin sun nuna cewa kaso mafi tsoka ya tafi wajen manyan manoma, waɗanda aka yi wa laƙabi da masu son ci gaba. Galibi ana fassara wannan da cewa kuɗi da hanya ne suka yi aiki, kuma gaskiya ne. Amma ni na ƙara da cewa ilimi ma ya yi aiki. Wanda ya iya karanta abin da ke jikin buhun taki, ya san bambancin kamfa da yuriya, ya iya auna faɗin gonarsa ya lissafa buhu nawa za ta ci, shi ne ya tsaya gaban malamin gona ya yi tambaya. Wanda bai iya ba sai ya kwaikwayi maƙwabci. Shirin ya ƙare a 1980, ƙwararrun waje suka nannaɗe tabarmarsu, aikin ya koma hannun hukumomin jiha, rangwamen taki ya yi ta hawa da sauka. Abin da babu wanda ya iya janyewa shi ne abin da ya shiga kan mutane. A daidai waɗannan shekaru biyar, da an ɗaure shirin da makarantun sakandaren yankin, kowace ta zama gonar gwaji, da yanzu muna da manoma masu ilimi tun daga kakanni. An yi aikin gona daban, aikin makaranta daban, ma'aikatu biyu kamar kishiyoyi.

Yau matsalolin sun fi na da wuya. Ƙasa ta gaji. Ƙuduji na cinye dawa da masara. Tsutsar nan mai cin masara ta shigo Nijeriya a 2016 ta zauna. Auduga ta ja baya, waken suya ya shigo. Manomin tumatir a Ɗanja yana fesa maganin da bai san sunansa ba. Samaru tana nan kusa, tafiyar da ba ta kai ta wuni ba, cibiyar da ta fitar da irin auduga da masara da dawa iri-iri. Ɗalibai nawa muka taɓa kaiwa can?

Za a ce ai manhaja ta tanadi wannan. Ƙwarai, a 2011 aka shigo da darussan sana'a 34 a babbar sakandare, har da kiwon dabbobi da na kifi. Yaro ya rubuta jarrabawar kiwon kifi, ya ci, bai taɓa ganin kududdufin kiwo ba. Wasu kuma su ce iyaye ba noma suka turo 'ya'yansu koyo ba. Iyayen sun ƙi noman langalanga ne, wanda muka mayar horon mai laifi. Ba su ƙi wanda zai ninka musu buhu ba.

Maganar tsaro ce kawai nake ɗauka da nauyi. Babu wanda ya manta daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka rufe makarantun kwana. Amma gonar da nake magana ba a dajin Faskari take ba, a cikin shingen makaranta take.

Abin da nake nema na daɗe ina faɗa. A auna filayen makarantun nan, a yi musu takarda, a killace, kafin masu yankan fuloti su gama da su. A ba kowane aji fegi, da littafin lissafin abin da aka kashe da abin da aka girbe, malamin lissafi da na kimiyya su riƙa ɗauko misalansu daga cikinsa. A hana tura yaro gona da sunan horo. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai kuma, kuɗin da muke zubawa a fenti da ƙofar shiga, a haƙa rijiyar burtsatse da su don noman rani, a ɗauki nauyin mota sau biyu a shekara zuwa Samaru. Amfanin da aka samu rabi ya shiga tukunyar ɗalibai, rabi asusun gonar, kuma ɗalibai biyu su sa hannu tare da shugaban makaranta kafin a fitar da ko kwabo.