Abokin Ɗanki a Aji



Ke da ke Palladan, ko ba ki leƙa waje ba, kina jin ƙarar jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, wadda aka kafa a 1964. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tun 1962, ga Sabon Gari inda jirgin ƙasa ya tara Yarbawa da Ibo da Nufawa. 'Ya'yan mutanen nan da jikokinsu ne ke zama benci ɗaya da ɗanki a firamare.

To, malam ya koya musu gaisuwar juna, yaro ya dawo da murnarsa yana gaishe ki da Yarbanci, sai ki daka masa tsawa, wai kada ya kwaso miki yare? Haba 'yar'uwa! Aikin malam na wata guda kin rushe shi ke nan, don maganarki ta fi tasa nauyi a kunnen yaro.

Tambaye shi mana: ina ne garin su abokin nan? Me suke ci a gidansu? Ya ɗauko littafinsa ya nuna miki a taswira. Ranar sallah kuma ki ƙulla cincin, ki ba shi ya kai masa.