Gidan Kakarmu Masauki Ne: Jawabi ga Dattawa da Membobin Ikilisiyoyin Anka, Gummi da Bukkuyum



Idan aka tambayi yaranmu asalinsu, da yawa ba sa wuce sunan kaka. Wani lokaci mu manya muke yanke labarin da gangan, domin kakar burkutu take dafawa, ko kuwa gidan kakan ne baƙi suke sauka a kasa ƙwarya a sha. Kunya ta sa muka binne labarin.

Ku tuna ƙasar nan hanyar fatake ce. Ayarin goro daga Kano zuwa Gwanja ya riƙa ratsa Zamfara, kuma Gummi ta yi suna da fataken nan Kambarin Barebari. Duk inda madugu ya ya da zango, akwai fatoma mai saukar da baƙi, ya ajiye musu kaya, ya nemo mai saye, ya karɓi la'ada. Galibin fatomomin Musulmi ne, wasunmu kuwa jininsu ne, ba abin ɓoyewa ba ne. A ƙauyuka kuma, musamman wajen iyaka da ƙasar Zuru, gidan mai burkutu shi ne masaukin talaka. Ta jiƙa dawa, ta bari ta tsira, ta niƙa, ta kwana gaban tukunya, wajen mako guda kafin ranar kasuwa. Da wannan kuɗin aka biya haraji, da shi wasu iyayenmu suka shiga makarantar mishan. Ba yabon giya nake yi ba, kun san matsayin ikilisiya. Amma Matiyu bai cire sunan Rahab daga asalin Almasihu ba, matar da ta sauki 'yan leƙen asiri a Yariko.

Me ya sa maganar take da gaggawa? An kafa Jihar Zamfara a 1996, shari'a ta fara aiki a 2000, aka rufe gidajen giya, masu su da dama suka ƙaura. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum. Daga baya 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka. Tsofaffin da suka san labari suna rasuwa a gudun hijira. Gobe yaronka zai je ƙaramar hukuma neman takardar shaidar asali, a ce masa baƙo ne. Gidan da kowa ya sauka a ciki kuwa, ko dattawan gari Musulmi suna tunawa da shi, da sunan mai shi, da unguwar da yake. Wannan shaida ce mai nauyi.

Saboda haka ku fara da tsofaffin mata, su suka fi riƙe suna. Ku tambayi laƙabin gidan, ranar kasuwar da ake dafawa, da inda baƙin suke fitowa. Ku rubuta yadda aka faɗa, kada ku gyara. Sakatarori su buɗe rajistar baftisma da ta aure. Wanda Allah ya hore masa kuɗin mota, rahotannin haraji na Lardin Sakkwato suna gidan ajiye takardun tarihi na Kaduna.

Kowane iyali ya kawo abin da ya samu wurin sakataren cocinsa kafin taro mai zuwa, ko da shafi ɗaya ne. Ubangiji ya taimake mu. Amin.