Amsoshin Wasiƙunku: Ina Ruwan Manomi da Ƙwayar Zarra?

Wasiƙar yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi a Gummi. Ya ce ɗansa na sakandare kullum yana zana da'ira cikin da'ira a littafinsa, wai darasin ƙwayar zarra ke nan. Shi kuwa yana tunanin ya cire yaron ya tura shi haƙar zinariya, tunda bai ga abin da zanen zai tsinana masa ba. Shi ne yake neman shawara.

To, Malam, mun gode. Gyara zama ka ji.

Duk abin da ka gani, ko ƙasa ce ko ƙarfe ko jinin jikinka, an gina shi ne da wasu ƙwayoyi mitsi-mitsi waɗanda ido ba ya gani. Su ne ƙwayoyin zarra. A 1911 wani masani, Ernest Rutherford, ya bayyana a Jami'ar Manchester ta Ingila cewa kusan dukkan nauyin ƙwayar yana dunƙule ne a cibiyarta, sauran kuwa fili ne fetal. Ka ɗauka ƙwayar gero ce aka ajiye a tsakiyar filin ƙwallo. Kuma ka san da me aka yi gwajin? Da fallen zinariya wanda ya fi takarda rashin kauri.

A 1913 sai Niels Bohr, mutumin Denmark, ya ce wasu 'yan ƙanana masu suna ilektaron suna kewaye cibiyar layi-layi: layin farko na cin 2, na biyu na cin 8. Wannan shi ne zanen da ka gani wurin ɗanka. A 1926 kuma Erwin Schrödinger ya yi gyara. Daga aikinsa aka gane ilektaron ba su da turba ɗaya da suke bi. Sun fi kama da zuma a bakin amya: ka san inda suka fi yawa, amma ba ka iya nuna inda kowace take.

Yanzu mu dawo gida. A cibiyar akwai wasu ƙwayoyi, furoton, kuma yawansu shi ke raba ƙarfe da ƙarfe. Zinariya tana da 79, zaiba 80, dalma 82. Uku kacal ke tsakanin zinariya da dalma, amma wuta ba ta isa ta taɓa cibiyar ba. Shi ya sa mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna dafa dalma don ta zama zinariya ba su ci nasara ba. Shi ya sa kuma dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, tafasa ruwa ba ya kashe ta. In ta shiga ƙasar tsakar gida, tana nan har jikoki.

Halin kowane sinadari kuwa yana ga ilektaron ɗinsa na waje. Zinariya marowaciya ce, ba ta sakin nata da sauƙi, don haka ba ta tsatsa. Kalsiyam, sinadarin da ke cikin nono mai gina ƙashi da haƙori, yakan saki 2. Ita ma dalma takan saki 2. To, a nan gizo ke saƙar. Jikin yaro sai ya ɗauka kalsiyam ne ya zo, ya buɗe mata ƙofa, ta shige jini da ƙashi da ƙwaƙwalwa. Hanjin ƙaramin yaro yana tsotsar dalma ninki 4 zuwa 5 na babban mutum, in yana cikin yunwa kuma abin ya fi haka.

Mutanen Anka da Bukkuyum ba labari aka ba su ba. A 2010, a Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma da wasu ƙauyuka, ana kawo dutsen zinariya gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙa, ashe dutsen cike yake da dalma. Yara suka riƙa amai da jijjiga da suma. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara lura da yawan mace-macen, kuma yara kimanin 400 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka rayu, wasu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka binne, aka zuba sabuwa, sannan maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari ya yi amfani. Bagega sai a 2013 aka yi mata wannan aiki. Rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka, jama'a, kada a kawo dutse gida, kada a daka shi a turmin abinci. A jiƙa shi kafin a niƙa, don ƙura ta kwanta. Mai aikin ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya shiga gida ya ɗauki yaro. Kada a zuba hatsi a buhun da aka ɗauko dutse. Yara da masu juna biyu su nisanci wurin, haka nan hayaƙin zaiba in ana ƙona ta. Iyaye mata, kwallin dutse mai ƙyalli shi ma yawanci dalma ce, kada a sa wa jariri. Yaron da ya fara jijjiga a garzaya da shi asibiti, a faɗa wa likita ana aikin dutse a gidan.

Malam, shawarata ka bar yaron nan ya gama karatunsa. Yau da dare ka ce ya zana maka ƙwayar kalsiyam, ya ƙirga maka 2, 8, 8, 2, ya nuna maka biyun da take saki. In ya iya, ka samu mai yi wa gidanka da maƙwabtanka bayani.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko da wasiƙu. Ku huta lafiya.