Ƙwayar HPV: gwajin bakin mahaifa da lambobinsa

Jama'a masu saurarenmu a zangunan Salaga, Yendi da Bawku, da mutanen ruga, da 'yan kasuwar da ke ƙetara iyaka ta Kulungugu da Sinkase. Yau maganar iyayenmu mata ce, amma maigida, kai ma matso kusa da rediyon.

Makiyayi ya san boru. Ya san kuma a kan yi wa garke allura, wata shekara boru ya dawo, domin ƙwayarsa iri bakwai ce, kuma allurar wani iri ba ta tare wani. To, haka ƙwayar HPV take, sai dai ita irinta ya haura 200, kowanne da lambarsa. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, maza da mata, kuma yawancin mutane sukan ɗauka ba su sani ba. Cikin goma, wajen tara jiki ke kore ta da kansa a cikin shekara biyu.

Kusan iri 14 ne ke iya kai wa ga sankarar bakin mahaifa, kuma 16 da 18 su kaɗai ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100. Wani likitan Jamus, Harald zur Hausen, shi ya gano biyun nan a 1983 da 1984. Lamba 6 da 11 kuwa ƙuraje masu tsiro suke kawowa a gaba. Akwai ban haushi, amma ba su ne masu kisa ba. Masu kisan ba sa ciwo, ba sa ƙaiƙayi. Sukan yi shekara 15 zuwa 20 kafin su zama sankara, a jikin mai HIV kuwa 5 zuwa 10.

Wannan tazarar ita ce ribarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ta fara gwajin HPV tana da shekara 30, ta maimaita bayan shekara 5 zuwa 10. Mai HIV ta fara a 25. Ɗan tsinke ne mai auduga a kai, har mace na iya ɗibar samfurin da hannunta. Inda babu wannan, nas kan shafa ruwan khal a bakin mahaifa ta duba ko wani wuri ya yi fari. Asibitin Katolika na Battor ya daɗe yana koyar da nas-nas aikin nan. Ku tambaya a asibitin garinku wanne ake yi.

In an ce an ga ƙwayar, Hajiya, ba a ce kina da sankara ba. Tambayi lambar. In 16 ce ko 18, a duba ki ba jinkiri. In an ga tabo, sau da yawa a zama ɗaya ake ƙone shi ki koma gida. Maigida, kada ka ɗauki sakamakon nan shaidar zargi. Ƙwayar kan kwanta shekaru ba a sani ba, wataƙila ma daga gare ka ta fito.

Abin da ya fi damuna shi ne tafiya. Mace ta yi gwaji a Yendi, kafin sakamako ya fito ta bi motar albasa zuwa Bawku, ko ruga ta tashi. Ki bar lambar wayar da ke aiki a ƙetaren iyaka, katin kuma ya zauna a lalitarki.

Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar riga-kafi a Oktoba 2023, Gana a Oktoba 2025. Ku kai su. Sai dai allurar nan 6, 11, 16 da 18 take tarewa, ban da irin su 35 da 45 da ake yawan gani a matan Afirka, don haka in sun girma su ma za su yi gwaji.

Wadda ke ganin jini bayan saduwa, ko bayan ta daina al'ada, ko ruwa mai wari, kada ta jira ranar kasuwa ta wuce. Ta je asibiti gobe da safe.